Ranar da Aka Bar Baba Ya Sha Sukari

Masu turo min saƙo kuna cewa na yi sa'a, wai likita zan aura, ko ciwon kai ba zai ƙara kwana a gidanmu ba, ku gyara zama. Yau zan ba ku labarin sa'ar tawa, in na gama sai ku faɗa min ko har yanzu kuna so mu yi musanye.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke ce min. Mamanmu ta rasu ina ƙarama, Gwaggo, yayar Baba, ta dawo gidan ta riƙe mu ni da Yaya. Baba shugaban makaranta ne da ya yi ritaya, amma har yau duk unguwa Hedimasta ake ce masa, kuma har yau in ya yi gyaran murya a falo sai na duba ko mayafina ya zauna daidai. Mutum ne mai faɗa. Yana da wata magana da muka haddace tun muna yara: "Ɗalibin da nake wa faɗa, shi nake da sauran fata a kansa. Wanda kuka ga ina wa murmushi, na riga na sallama shi." Ranar da Yaya ya faɗi jarrabawa, Baba bai ɗaga murya ba, murmushi kawai ya yi masa ya ce ba komai. Wallahi kwana Yaya ya yi yana kuka, ƙato da shi, yana roƙon a dake shi.

Baba yana da ciwon sukari tun ban yi wayo ba, kuma Allah ya ɗora masa son shayi mai zaƙi. Likitansa wani dattijo ne mai farin gilashi, Farfesa ake ce masa. Duk zuwan da za mu yi asibiti sai sun yi.

"Hedimasta, ka sha sukari!"

"Ɗan kaɗan."

"Kaɗan ɗin ne zai kai ka! So kake a yanke maka ƙafa?"

Baba ya fito yana mita, amma ina lura da shi, daɗi yake ji. A gida kuwa Gwaggo ta kulle gwangwanin sukari a kabad, makullin yana cikin jakarta, jakar tana ƙarƙashin filonta.

A wannan zirga-zirgar na haɗu da Dakta, ɗaya daga cikin ƙananan likitocin da ke bin bayan Farfesa. Dogo ne, mai sanyin murya, rigarsa kullum kamar yanzu aka ɗauke ta daga ƙarƙashin dutsen guga. Ranar da ya fara zuwa gaishe da Baba, ya durƙusa a kan kafet yana gumi, sai idonsa ya faɗa kan kofin da Baba ya tura bayan kujera. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma shayin nan akwai sukari a ciki." Gwaggo ta dafe ƙirji. Ni da ke leƙe ta bayan labule na ce shi ke nan, aure ya mutu. Bayan ya tafi Baba ya kira ni, fuska a murtuke, ya ce, "Yaron nan ba shi da kunya, ya zo neman 'yata ya tona min asiri. Na ba shi." Tun ranar na sa masa suna a wayata, Mai Gaskiya, har da jar zuciya a gefe. Ku yi min dariya, na cancanta.

Ana cikin maganar sa lokacin biki Baba ya fara ramewa. Wandunansa suka koma zamewa, abinci ya daina shiga, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Aka kwantar da shi, aka yi hotuna, aka ɗebi wani abu daga cikinsa aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito ina zaune a kujerar roba kusa da gadonsa ina ɓare masa lemo, Farfesa ya shigo da zugarsa. Can ƙarshen gado ya tsaya, bai matso ba. Kuma yana murmushi.

"Wane ne babba a cikinku?"

Baba ya ce, "Ni ne."

Farfesa ya yi dariya, zugar ma ta taya shi. "A'a, Hedimasta, kai hutawa za ka yi. Ɗan samari, zo mu yi magana." Ya yafito Yaya suka fita, aka ja ƙofa. Da suka dawo, idon Yaya ya yi ja, wai ƙura ce ta shiga. Ƙura, a asibitin da ake goge ƙasa kamar za a ci abinci a kai.

"Gyambon ciki ne da ɗan kumburin hanta," in ji Farfesa. "Ga magunguna, ku koma gida, ya fi samun hutu a can."

Baba ya dube shi ta saman gilashinsa. "To shayin nawa fa?"

"Sha abinka, Hedimasta. Duk abin da ransa ke so ku ba shi."

Ni sakarya har tafi na yi. Na waiga ina neman idon Dakta mu yi murna tare, na same shi can baya, ya ƙura wa takalmansa ido kamar yau ya fara ganinsu.

Muna komawa gida Baba ya yanke hukunci. Ba za a yi biki yana kwance ba. "Sai na miƙe. 'Ya ɗaya gare ni mace, da ƙafata zan tsaya na ba da ita, ba a kan katifa kamar kayan wanki ba." Na ji daɗin maganar. Gyambon ciki ai ba abin tsoro ba ne, zan jira.

Amma gidan ya canza. Gwangwanin sukari ya fito daga kabad ya zauna a tsakiyar tebur, murfi a buɗe, cokali a ciki. Yaya da ke leƙo mu sai ya ga dama ya koma zuwa safe da yamma, har da yanke wa Baba farce. 'Yan uwan da rabonmu da su tun rasuwar Mama suka fara sallama da ledojin ayaba. Kowa ya shiga ɗakin Baba sai ya washe baki, ya fito ya goge ido. Na ce a raina, da walakin, goro a miya.

Wata safiya ina wanke kofuna a kicin, daga ni sai doguwar rigar barci da hula, Gwaggo ta shigo ta tura ƙofa, Yaya yana biye da ita.

"Auta, za ki je ki samu babanki ki ce kina so a matso da bikin nan."

Kofin ya kusa suɓuce min. "Ni? Da bakina? Gwaggo, in je in ce wa Baba na ƙosa in yi aure yana kwance?"

"To me? Kanki farau?"

"Ai ya ce sai ya miƙe."

"Mu ya ƙi jin tamu, ke yake saurara," in ji Yaya, yana kallon silin. "Ki yi abin da aka ce kawai."

"Sai kun faɗa min dalili."

"Ji min yarinya da tsaurin ido!" Gwaggo ta nuna ni da yatsa. "Ni na yi miki wanka na yi miki tsarki, yau ni za ki titsiye? Dalili shi ne mun ce!" Amma gefen zanenta ya jiƙe da goge-gogen hawaye.

Na shige ɗaki na ɗauki waya na rubuta wa Dakta.

*Me ke damun Baba?*

Na ga alamar ya karanta. Ya fara rubutu, ya daina. Ya sake farawa.

*Farfesa ya yi muku bayani ai, Gimbiya.*

*Ba Farfesa na tambaya ba. Kai na tambaya.*

*Ina cikin aiki. Kin karya kuwa?*

*Kar ka ƙara tambayata ko na karya. Me ya sa aka bar shi ya sha sukari?*

Can sai ga shi: *Zan zo da la'asar.*

Ya zo. Na zura baƙar doguwar riga, ko hoda ban shafa ba, na same shi a mota a ƙofar gida. Motar tana ƙamshin turaren da ni na saya masa, abin ya ƙara ƙona min rai. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu alhali motar a kashe take.

"Ciwon daji ne," ya ce. "Daga hanji ya fara, ya riga ya kai hanta. Ya wuce aiki. Abin da ya rage shi ne a rage masa zafi."

Jama'a, ban yi ihu ba. Kunnuwana ne suka toshe, ina ganin wata mata tana tsallaka titi da buhu a ka, ina mamakin yadda ba ta tsaya ba. Da na samu murya, abin da ya fito shi ne, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin a kira Yaya."

"Kana turo min barka da safiya da furanni, kana tambayata kalar labulen da nake so, ka san ubana mutuwa zai yi?"

"Ba hurumina ba ne. Majiyyacin Farfesa ne, kuma iyali suka roƙa a rufe."

"Iyali? Ni baƙuwa ce? Shi mai cikin fa, haya yake yi a jikin nasa?"

"Ki saurare ni." Ya juyo, idonsa ya kaɗa. "A makaranta an koya mana cewa haƙƙin majiyyaci ne ya sani. Na fito da wannan a kaina. Farkon fara aikina wani bawan Allah ya riƙe min hannu ya tambaye ni, na faɗa masa. Kin san abin da ya biyo baya? 'Ya'yansa suka shaƙe ni a baranda, suka ce na kashe musu uba da baki. Ya daina cin abinci, ya daina magana. Suka ɗauke shi suka tafi da shi wajen masu jiƙe-jiƙe, ya mutu ko maganin rage zafi babu. Farfesa ya kira ni gaban kowa ya wanke ni tas. Tun ranar na koyi darasi."

"Darasin ƙarya."

"Darasin tausayi. Kuma ni ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba. Ƙa'idata ita ce, in majiyyaci ya dube ni ya tambaye ni kai tsaye, ba zan ɓoye masa ba. Yawancinsu ba sa tambaya, don ba sa so su sani."

Na yi wata dariya da ni kaina ban san ina da irinta ba. "Ta ina za su tambaya? Kuna tsayawa can ƙarshen gado, ku yi magana da junanku, ku ja ɗansa waje, kafin ya gyara filo kun kai gado na gaba. Kun toshe wa mutum baki, sannan ku ce bai yi magana ba!"

"Gimbiya..."

"Kar ka ƙara ce min Gimbiya. Maganar matso da biki, da kai aka ƙulla?"

Ya sunkuyar da kai. Wannan ya ishe ni amsa. Na fita na buga masa ƙofar motar da ƙarfin da sai da mai shagon kusa da mu ya leƙo.

Washegari na tafi asibiti ni kaɗai. Na zauna a benci har layi ya ƙare, na faɗa ofishin Farfesa ba tare da an kira ni ba. Ya saurare ni yana goge gilashinsa da gefen riga, ko gezau.

"'Yata, tun ba a haife ki ba nake wannan aikin. Sunan cutar nan yana riga cutar kisa. Na ga wanda ya shigo nan da ƙafarsa, aka faɗa masa, aka fitar da shi a kwance. Ki bar dattijo ya ci abin da yake so, ya yi barcinsa da fatan gobe. Me zai yi da sanin?"

"Abin da ya ga dama. Nasa ne."

"Ku yaran zamani kun ɗauka gaskiya kamar ruwan sanyi ce, kowa a miƙa masa. Wata gaskiyar guba ce."

"To wa ya ba ku ikon zaɓar wanda zai sha?"

Ya mayar da gilashinsa. Kuma, ku ji fa, ya yi min murmushi. "Babanki jarumi ne a makaranta, amma a kan gado kowa yaro ne. Ki gaishe shi." Ya danna ƙararrawa a shigo da na gaba. Na fito zuciyata kamar ta tsage. Mutumin da ya yi shekaru yana daka wa Baba tsawa a kan cokalin sukari, yau shi ne ya rasa bakin faɗa masa magana ɗaya.

Kafin na isa gida labari ya riga ni, don likitoci ba sa rufa wa kowa asiri sai cuta. Yaya yana tsaye a bakin ƙofar falo, ya cika ya yi fam.

"Wa ya aike ki?"

"Ubana ne."

"Ni ubana ne na aro? Ki buɗe kunnenki da kyau. In kika faɗa masa, ya faɗi, ke kika kashe shi. Kuma wallahi ba ni ba ke har abada."

Gwaggo ta kama hannuna, wannan karon ba faɗa, kuka take. "Ƙanena ne, Auta. Ni na goya shi. Kina ganin ban fi ki jin ciwo ba? Abu ɗaya muke so, ya ga aurenki da idonsa. In aka biye masa sai ya miƙe, ba zai gani ba. Ki taimake ni, ki taimaki kanki."

Nan suka kama ni. Ina jin haushinsu kamar in mutu, amma maganar Gwaggo ta shige ni. In na yi shiru, Baba zai tafi yana jiran miƙewar da ba za ta zo ba. In na faɗa, Yaya ya ce ni na kashe shi. Na zaɓi ta tsakiya, ta matsorata.

Na sami Baba a ɗakinsa, ya jingina da filo biyu, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa, farar rigarsa ta yi masa yawa har wuyan yana zamewa. Kofin shayi yana kan durowa ya huce, bai taɓa ba. Na zauna a ƙasa na ƙura wa kafet ido.

"Baba, dama cewa na yi... ko za a matso da bikin."

Ya kashe rediyon. Ya daɗe yana kallona.

"Kin ƙosa ki bar ni?"

Wayyo Allah. Da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Na girgiza kai, hawaye suna ɗiga a bayan hannuna.

"Auta da na sani, ko sunan yaron nan aka ambata a gabana sai ta gudu. Yau ita ce da wannan magana." Ya yi gyaran murya. "Ki ce masa ina son ganinsa gobe da safe. Ki faɗa wa yayanki da gwaggonki su ma su kasance."

Saƙonnin Dakta suka yi ta shigowa ranar. *Me ya ce? Ya yarda? Don Allah ki amsa.* Na rubuta masa, *Gobe da safe*, na shiga wajen suna na goge Mai Gaskiya da jar zuciyar, na bar lambar tsirara.

Da safe Baba ya sa aka fito masa da rigar da yake sawa ranar rabon sakamako a makaranta, mai ruwan toka, da hularta. Ya ƙi zama a gado, ya sa Yaya ya kama shi zuwa kujerarsa ta falo. Gwaggo ta zauna a gefe tana murza carbi, Yaya ya tsaya jikin taga. Dakta ya shigo cikin fararen kaya, ya durƙusa a daidai inda ya durƙusa ranar farko. Ni ina bakin ƙofa da faranti.

"Auta, haɗa min shayi a nan gabana."

Na zuba. Ya jawo gwangwanin da kansa, ya ɗebi sukari cokali ya cika, ya zuba. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Yana yi yana kallon Dakta, ƙarar cokali kawai ake ji a falon.

"Likita."

"Na'am, Baba."

"Ranar da ka fara shigowa gidan nan, kofi yana bayan kujera ka gano shi. Yau a gabanka na zuba, ka yi shiru. Maigidanka ya yi shekara da shekaru yana min tsawa, ran nan ya ce in sha abina. Yayata da ke kwana da makulli ta ajiye min gwangwani a tebur." Ya ajiye cokalin. "Na yi aikin koyarwa tsawon rayuwata. Na san ranar da malami ke daina yi wa yaro faɗa. Don haka ina tambayarka, kai tsaye, ba a matsayin likita kaɗai ba, a matsayin wanda na ce na ba 'yata. Me ya sa kuka daina hana ni?"

Carbin Gwaggo ya tsaya. Ga ta nan, tambayar da ya ce in an yi masa ba zai ɓoye ba. A raina ina cewa, faɗa masa, don girman Allah faɗa masa, in yafe maka komai. Dakta ya ɗago ya dubi Yaya. Yaya ya girgiza kai a hankali. Ya dube ni. Sannan ya mayar da ido kan kafet.

"Baba, sukarin naka ne ya daidaita. Shi ya sa."

Sai na ga fuskar Baba ta saki. Ya yi murmushi, mai faɗi, mai laushi, irin wanda ban taɓa ganin ya yi wa Dakta ba.

"Madalla. Allah ya yi maka albarka, yaro. Ba komai. Tashi ka je, kar ka makara aiki."

Dakta ya sauke ajiyar zuciya, har da cewa amin, amin. Shi bai sani ba. Amma Yaya ya sani, don na ga yadda ya dafa bango.

"Ku ma ku ba ni wuri," in ji Baba, har yanzu da murmushin. Gwaggo ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Na juya zan bi su.

"Ke!"

Tsawar ta daki bango ta dawo. Ban san ragowar ƙarfin nan yana jikinsa ba.

"Uban wa ya sallame ki? Rufe ƙofar nan ki sa sakata! Shashasha kawai, an aiko ki da ƙarya kin ɗauko kin kawo min har ɗaki. Haka na tarbiyyantar da ke? Zo nan ki zauna!"

Jama'a, tunda nake ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na sa sakata. Na zo na durƙusa a gabansa ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Yaya ya fara buga ƙofa yana kiran sunana. Wayata ta yi ƙara a kan kafet, lambar da ba ta da suna: *Don Allah kar ki faɗa. Ba zai iya ɗauka ba.* Na kifa ta.

"Dube ni," in ji Baba. Na dube shi. Babu murmushi ko ɗigo a fuskarsa. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san akwai abu. Sunansa nake so, da kuma ko akwai sauran hanya."

"Ciwon daji ne, Baba. Ya kai hanta. Sun ce ya wuce aiki."

Bai faɗi ba. Bai suma ba. Ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi, ya yi salati a hankali. Na kama hannunsa da ke kan gwiwa, ya bar ni na riƙe. Muka daɗe a haka, bugun ƙofar ma ya gaji ya tsaya.

Da ya buɗe ido, ya ɗauki kofin ya shanye shayin tas, har ya ɗaga shi sama don na ƙasan ya gangaro.

"Ashe da sun bar ni ina ta jiran miƙewa," ya ce. "Ina da mutanen da zan nema gafara, ina da waɗanda zan yi wa faɗa na ƙarshe, yayanki na farko. Goge fuskarki, ba na son ƙazanta."

Na goge da gefen mayafi.

"Buɗe ƙofar. Ki ce wa gwaggonki da yayanki su shigo, akwai magana."

Na miƙe, na kai hannu kan sakata. Ta taga ina hango farar rigar Dakta a tsakar gida, bai tafi ba, yana tsaye da waya a hannu yana jiran amsata.

"Baba, shi fa?"

Baba ya ajiye kofin a kan tebur, ya mayar wa gwangwanin sukari murfinsa, ya danna shi da tafin hannu.

"Na ce gwaggonki da yayanki."